Wace mace ce a musalsal ta zauna miki a rai, kuma me ya sa?

Maman Hanan (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni yau, kuma dan Allah kar wata ta ce min "ai duk ina son su", a zaɓi ɗaya. Cikin duk matan da kuka taɓa gani a musalsal, wato fim mai dogon zango, na Larabawa ne ko na Turkiyya ko namu na Hausa ko na Koriya, wace ce ta zauna muku a rai har yau ba ta fita ba? Ba jarumar nake nufi ba fa, matar da ke cikin labarin, kuma a faɗi dalili. Ni tawa Fatima mai kushari ce ta cikin shirin Masar Lan A'ish fi Jilbab Abi, wadda Abla Kamil ta fito a matsayinta tare da Nurush Sharif. Tun 1996 aka yi shi amma har gobe in aka maimaita sai na zauna. Abin da ya sa nake sonta, mun fara ganinta ne a bakin sana'arta tana zuba wa leburori kushari, wani abincin Masar, a kasuwar Wikalatul Balah tun kafin a yi zancen miji, Abdul Gafur ya same ta da abin yinta a lokacin da shi ba shi da ko sisi, yaron wani ne a harkar tsoffin ƙarafa. Da Allah ya buɗa masa ya zama babban attajiri ba ta canza murya ba, ba ta canza zama ba, 'ya'yan ne kuɗin ya ruɗa. Kuma in ta tsaya tsakanin uban da ɗansu Abdul Wahab sai ki ga ita ce mai hankalin gidan duk da ba ta yi boko ba. To ku fa?

Bint Jarwal:
Wa alaikumus salam Anti. Ni kam ba sai na yi dogon tunani ba, Huyam ce ta Harimus Sultan, shirin Turkiyya kan fadar Sultan Sulaiman. Na san za a taso min amma ita ce wallah. Yarinya an kamo ta daga garinsu an raba ta da kowa nata an kawo ta baiwa, ta shigo gidan da ko yarensu ba ta ji, kowa na jiran ya ga bayanta, ita kuma ta ce sai ta rayu kuma sai 'ya'yanta sun rayu. Yani duk abin da ta aikata in kika tona tsoro ne a ƙasansa, don ta san al'adar gidan, ranar da ɗan kishiyarta Nahid Duran ya hau karaga nata 'ya'yan igiya ce a wuyansu. To ke uwa ce a wannan halin, me za ki yi? Ni shi ya sa ban iya tsanarta ko a wuraren da na san ba ta kyauta ba.

Zee Riyad:
Haba jama'a daga farawa an tafi Masar an tafi Turkiyya, namu fa? Ni Sumayya ce ta Labarina, zan dawo in yi bayani in na sauka daga aiki, yanzu ina tsaye ne.

Abu Yasir (Madina):
Salamu alaikum, a yi min afuwa na shigo zancen mata, amma tunda mu ma tare muke kallo a gida ina ga muna da ta cewa. Ƙanwata Bint Jarwal, ni matsalata da Huyam ɗin nan ita ce an ɗauki makirci an yi masa ado har yarinya ƙarama ta ga abin sha'awa ne. Kuma su kansu Turkawan ba duka suka yarda da shi ba, Erdogan da bakinsa ya soki shirin a 2012 kan yadda aka mayar da Sultan Sulaiman mutumin cikin mata alhali rayuwarsa a fagen yaƙi ya yi ta. In dai Turkiyya za a je ni Hayme Ana zan zaɓa, mahaifiyar Artugrul a shirin Artugrul. Mijinta Sulaiman Shah ya rasu, ƙabila guda ta dawo wuyanta, ga ƙaura ga yunwa ga 'ya'ya maza kowa da inda ya dosa, ta zauna a kujerar shugabanci a gaban dattawa ba ta ɗaga murya ba amma ba wanda ya isa ya tsallake maganarta. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda dole ta yanke hukunci a kan ɗanta na cikinta saboda maslahar jama'a, kana ganin abin na cinta a fuska amma ta yanke. Wannan ita ce macen da zan so 'yata ta kalla.

Bint Jarwal:
Yaya Abu Yasir na ji ka, kuma ni ma ina son Hayme sosai. Amma ita Hayme an haife ta cikin mutunci ne, ta samu miji nagari, jama'a na girmama ta tun asali. Huyam ba ta da ko ɗaya. Kuma tunda ka kawo tarihi, Huyam ɗin ta gaskiya ba makirci kaɗai ta bari a duniya ba, ta yi waƙafi mai yawa, gidan ciyar da miskinai da ta gina a Ƙudus a 1552 har yanzu ana dafa abinci a cikinsa ana rabawa, kuma nan Makka ma ta yi irinsa. Mutum ɗaya ne fa ya haɗa wannan da wancan. Ni abin da ke riƙe ni a gaban allo kenan, in ga mace da ba zan iya cewa ga akwatin da zan saka ta ba.

Hajiya Ummu Faisal (Makka):
Sannunku 'ya'yana, jikata ce ke rubuta min ina faɗa. Ni Su'ad ce, Ummu Isam ta Babul Hara, shirin mutanen Sham. Ku da yawanku yara ne lokacin, amma azumin 2007 da Abu Isam ya sake ta wallahi unguwarmu kamar a gidan kowa aka yi sakin, ana fitowa daga tarawihi zancen kenan, har a bakin Harami mata na tambayar juna ya mayar da ita ko bai mayar ba. Mace ta yi shekara da shekaru a gidan mutum, ta haifa masa maza da mata, ta aurar, ta riƙe masa sirri, maƙwabciya kuma surukar ɗanta wato Firyal ta yi ta tsokanarta har ta kai ta bango, rana ɗaya ta mayar wa mijin da magana kalma ɗaya cikin fushi, shi kenan ta tattara ta koma gidan ɗan uwanta Abu Shihab da furfurarta. Abin da ya sa ba na mantawa da ita, ba ta yi ta birgima tana ihu ba, ta zauna da ciwonta da mutuncinta, tana son mijinta tana kuma jin zafin abin da ya yi mata, duka biyun a fuskarta lokaci guda. Sabah Jaza'iri ta iya. Mu da muka ga irin wannan sakin na tsufa da idonmu a cikin danginmu mun san ba ƙarya aka nuna ba. Mace mai shekara hamsin a ce ta koma gaban ƙaninta ko yayanta tana jiran a sallame ta da abinci, Allah ya raba mu da wannan.

Maman Hanan (Jidda):
Amin Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ina tuna mahaifiyata ma ta ƙi cin sahur da daɗi a kwanakin nan saboda Su'ad.

Anti Rabi (Madina):
Hajiya ki gafarce ni, ina ganin girmanki amma ni Babul Hara akwai inda yake ɓata min rai. Su'ad ta taɓa ni, ba musu. Sai dai in kika cire ta, matan unguwar nan kaf aikinsu ɗaya ne, a dafa, a yi gulma ta saman katanga, a wanke wa miji ƙafa, a ce to. Su kansu mutanen Sham sun yi ƙorafi a kan haka, don Dimashƙ ɗin wancan zamanin tana da mata irin su Mari Ajami da ta kafa mujalla tun 1910, da Nazik al-Abid da ta je fagen Maisalun a 1920 lokacin da Faransa ta shigo. Sai a zango na huɗu suka kawo Ummu Jozef, wadda Muna Wasif ta fito, tsohuwa Kirista da bindigarta tana yaƙar Faransawa, kuma kin ga yadda mutane suka rungume ta nan take, alamar dama ana jin ƙishirwar irinta.

Tawa dai ita ce Jang Gum ta Jauharatul Ƙasr, na Koriya, na 2003. Wataƙila don aikin jinya nake yi ne. Yarinya marainiya ta shiga kicin ɗin fada tana ƙarama, aka nuna mana yadda take koyo a hankali, yadda ake ɗanɗana ruwa, yadda ake zaɓen gishiri, yadda uwar ɗakinta Han ke sa ta maimaita abu har sai ta gane dalilinsa. Aka yi musu sharri aka kore su zuwa tsibirin Jeju, uwar ɗakin ta mutu a hanya, ita kuma maimakon ta zauna kuka sai ta fara karatun magani daga farko, ta dawo fadar ta wata ƙofar har ta zama likitar sarki. Halƙa 54 ne, wato kashi 54, kuma soyayyar da ke ciki ba ta fi cikin cokali ba, amma ba ki gajiya, don kullum akwai abin da take ƙoƙarin ta iya. Ni a nan na fara ganin an ɗauki ilimin mace an mai da shi shi ne labarin.

Hajiya Ummu Faisal (Makka):
Rabi ba ki yi laifi ba, gaskiya kika faɗa, akwai masu ilimi a kowane zamani. Amma kar ku raina ta cikin gidan. Mu da yawanmu rayuwarmu a tsakanin kicin da ɗaki ta ƙare, kuma a nan ɗin ma akwai yaƙi, akwai dabara, akwai ranar da za ki haɗiye magana don 'ya'yanki su kwana lafiya. In aka nuna wannan da kyau ni ina ganin kaina. Ba kowace ce za ta ɗauki bindiga ko ta zama likita ba.

Zee Riyad:
Toh na dawo. Sumayya dai. Labarina ya fara ne a 2020 lokacin korona muna kulle a gida, ni a lokacin ina gidan aiki ba fita ba shiga, wayata ce kawai garinmu, duk sati ina jiran Aminu Saira ya saki sabo a YouTube. Abin da ya kama ni da Sumayya shi ne yarinya ce irin wadda na sani, 'yar talakawa mai kyau wadda kowa ke da buƙata a kanta, Mahmud ya yi mata halacci, ga Presido da kuɗi, ga Lukman, ga uwa, kowa na ja. Mutane suna ta zaginta wai ba ta da alƙibla amma ni na fahimce ta, wanda ya yi miki alheri daban wanda zuciyarki ke so daban, kuma a garinmu ba a ba yarinya damar ta faɗi haka da baki. Nafisa Abdullahi ta iya yin shiru wlh, ido kawai za ta ɗago ki gane komai. Da ta bar shirin aka kawo Fati Washa, ita ma gwana ce ba wanda zai ce ba ta iya ba, amma ni a raina kamar wata Sumayyar ce daban, na daɗe ban saba ba.

Sai kuma Hajiya Nafisa ta Izzar So, Aisha Najamu. Wannan kam tsanarta nake amma in ba ta fito a sati ba sai in ji shirin ba gishiri. Yadda take taka Umar Hashim a kamfanin babanta, da tafiyar, da kallon, kai.

Bint Jarwal:
Anti Zee abin da ya same mu kenan da Huyam, Maryam Uzarli ta tafi a 2013 aka kawo wata babbar mace ta ƙarasa. Ita ma ta iya sosai amma dariyar nan da haukan nan sun tafi da mai su. Kuma kin ga abin da nake faɗa, ke ma muguwar ce ke riƙe ki a Izzar So.

Maman Hanan (Jidda):
Yauwa, nan nake so a zo dama. Ku duba duk waɗanda aka lissafo. Fatima na da tukunyarta, Jang Gum na da iliminta, Hayme na da jama'a a wuyanta, Huyam na da 'ya'yan da take karewa, har Hajiya Nafisa akwai abin da take so kuma tana tashi ta nema. Abin da ke damuna da yawancin namu na Hausa, kuma ina faɗa ne don ina kallonsu ina kuma son su ci gaba, shi ne mace ta gari ba a ba ta komai a hannu sai hawaye. Ita dai a zalunce ta, kishiya ta yi mata asiri, uwar miji ta tsane ta, miji ya juya baya, ita kuma tana zaune bakin gado tana share ido har zango uku, sai a ƙarshe gaskiya ta yi halinta ba tare da ita ta motsa ko yatsa ba. Duk wayon da marubuci yake da shi sai ya ba muguwar, ita ce mai shiri, ita ce mai magana mai daɗin ji, ita ce mai kwalliya, ita ce ke fita ta shiga. To yaya yarinya ba za ta fi son muguwar ba? Ba tarbiyyar yaran ce ta lalace ba Abu Yasir, rubutun ne ya yi wa ta garin rowa. Ni ban taɓa ganin mace ta gari a rayuwa da ba ta da dabara ba. Uwata mai haƙuri ce ƙwarai amma da adashi da saƙar hula ta aurar da mu, ba da kuka ba.

Abu Yasir (Madina):
Maman Hanan wannan magana taki akwai gaskiya a ciki, na karɓa. Abin da kawai nake tsoro kar a wayi gari haƙuri ya zama abin kunya a fim, don haƙuri ibada ne kuma shi ma aiki ne mai wuya. Amma na yarda haƙurin da ake nuna mana sau da yawa mutuwar zuciya ce aka sa wa sunan haƙuri. Kuma kin tuna min da Saljan a cikin Artugrul ɗin dai. Ta fara a muguwa, tana cin amanar gidan da ya raine ta saboda tana ganin su suka kashe mata uba, ta yi abubuwa munana, sannan ta tuba, kuma ba a yi tuban nan a halƙa ɗaya an wuce ba, an nuna yadda ta riƙa faɗin gaskiya ba mai yarda da ita saboda tarihinta, har mijinta. Wayon da ta yi sharri da shi, shi ta dawo tana kare gidan da shi. Matata ta fi sonta a kan Halima matar Artugrul nesa ba kusa ba, ni sai yanzu da kike bayanin nan na ga dalili.

'Yar Sinnar:
Salam 'yan uwa, ina ta karantawa tun ɗazu. Ni a Sudan aka haife ni, yaƙin nan na 2023 ne ya fito da mu, yanzu muna Jidda wajen dangi. Mu can da musalsal ɗin Masar muka tashi, kowane dare gidan da ke da talabijin ya cika da yaran maƙwabta, don haka Fatima mai kushari tamu ce Anti. Amma wadda ta fi shiga raina ta kwanan nan ce, Hanan ta Tahtal Wisaya da Muna Zaki ta yi a azumin 2023, halƙa 15 kacal. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu da jirgin kamun kifi, amma a doka ba ita ke da iko da dukiyar marayun ba, kakansu na wajen uba ne, ga ƙanin miji na son a sayar da jirgin don buƙatarsa. Sai ta ɗauke jirgin da yaran ta gudu wani gari, ta shiga teku da maza masunta tana shugabantarsu, babu kwalliya babu komai, fuska duk rana ta ƙone. Zancen makarantar ɗanta ma sai ta yi ta zarya ofis ofis. Kuma ba a yi mana ƙarya a ƙarshe ba, kotu ta ɗaure ta. Na kalle shi ne daidai kwanakin da harbi ya fara a Khartum, ban ƙarasa ba sai daga baya a waya. Yayata ma mijinta ya rasu ya bar mata yara, dangin mijin suka riƙe gona da shago suka ce sai yara sun girma, ita ke wankau tana ciyar da su, don haka ni ba labari nake kallo ba. Kuma shirin ya yi tasiri, har 'yan majalisar Masar suka tashi suna neman a gyara dokar, wadda tun 1952 take.

Anti Rabi (Madina):
Allah sarki, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya bi wa yayarki haƙƙinta. Na kalli wannan, wurin da take ƙirga kuɗin kifi tana raba wa ma'aikata hannunta na rawa amma ta ƙi bari su gani, har yanzu ina tunawa.

Hajiya Ummu Faisal (Makka):
Amin ya Rabbi. Cin dukiyar maraya wuta ce, Alƙur'ani ya faɗa ƙarara. Allah ya mayar da ku gida lafiya 'yata.

Zee Riyad:
Amin. Amma Maman Hanan kar a yi wa namu kuɗin goro dan Allah. Adama matar Kamaye a Daɗin Kowa fa? Wannan ba mai kukan bakin gado ba ce kuma ba za ki ce mata muguwa kai tsaye ba, mace ce da talauci ya koya wa faɗa da neman na kanta ta kowace hanya, wani lokacin ta ba ki haushi wani lokacin ki ce ai da gaskiyarta. Kowace unguwa a Kano akwai Adama. Ga Stephanie ma, Kirista a tsakiyar garin Musulmi ana zaman lafiya ana kuma samun saɓani irin na mutane. Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari a nan don matan cikinsa suna da sana'a suna da baki, akwai dillaliya akwai mai abinci akwai 'yar makaranta. Kuma ku tuna kuɗin da ake kashe wa halƙa ɗaya ta Turkiyya wataƙila ya yi mana shekara, Arewa24 ɗin ma gaba ɗaya a 2014 ta fara.

Maman Hanan (Jidda):
Na ba ki Adama, Zee, ta cancanta. Amma zancen kuɗi ban karɓa ba, don ba a sayen hali da kuɗi, a takarda ake rubuta shi. Gidan Su'ad ɗaki ne da tsakar gida, mu muka cika shi da kanmu.

Bint Jarwal:
Ni akwai abin da ke cina tun ɗazu bari in faɗa. Duk matan nan da muke so, ba ɗaya da ta yi kama da mu mu na nan. Ni a Makka aka haife ni, babana ma a nan aka haife shi, Larabcina na Hijaz ne, amma in na kunna musalsal ɗin Khalij, wato na Saudiyya da maƙwabtanta, na ga mace mai irin fatata to galibi shayi ta kawo ta koma, ko kuma a shafa wa wani baƙi a fuska a ce abin dariya ne. In na juya na Kano kuma, in an ambaci ta Saudiyya to Hajiya ce mai haƙorin Makka da gwala-gwalai ta zo raba tsaraba, ko kuma wadda aka kamo aka dawo da ita. Khalas, mu biyu ne kenan a idon duniya. Ina matar da ke tashi kafin asuba ta soya ƙosai ta kai bakin titi, ta biya haya, ta biya sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ta tura wa uwa kuɗi gida? Ina waɗanda aka rushe musu unguwa a Jidda, su Sabil da Karantina da Hindawiyya, mace ta kwashe yara da kaya cikin 'yan kwanaki ta nemo wani rufin? Wallah in aka rubuta ɗaya daga cikinsu da gaskiya Huyam ma sai ta matsa gefe.

'Yar Sinnar:
Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kakar babata da ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa za ta hajji, shekaru suna tafe suna tsayawa su yi noma su tara guzuri su ƙara gaba, ta haihu a hanya ta binne a hanya, da yawansu ba su iso ba suka zauna bakin kogin Nilu, mu ne jikokinsu. Garin Mai Wurno gaba ɗaya mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma da mata aka yi tafiyar nan, su ke ɗauke da tukunya da goyo. Wannan zango goma ne a zaune ba wanda ya taɓa.

Abu Yasir (Madina):
To ni ma in ƙara ɗaya, Nana Asma'u 'yar Shehu. An haife ta a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta ga hijira ta ga yaƙi, sannan ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji tana ba su malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙi. Duk abin da Anti Rabi ta yaba a jikin 'yar Koriyar nan na neman ilimi yana nan, ga shugabancin Hayme yana nan, kuma tamu ce. Turkawa sun ɗauki Hayme da tarihi bai faɗi abu mai yawa a kanta ba sun gina ta har muna sa wa 'ya'yanmu sunayensu, mu kuma muna da wadda rubutunta na hannu yana nan ajiye.

Anti Rabi (Madina):
Ina goyon baya, amma da sharaɗi ɗaya Malam. In za a yi, kar a mai da ita allon wa'azi tana zaune tana ta zuba nasiha daga farko har ƙarshe, don haka ake kashe irin waɗannan. A nuna ta tana gajiya, tana rashin 'yan uwa tana musu marsiyya, tana lallashin mazan da ba sa son matansu su fita karatu. In kuma ana jin nauyin nuna ita kanta saboda darajarta, a ɗauki jaji guda ɗaya daga wani ƙauye a bi ta, da mijinta da kishiyarta da tafiyar ƙafar da take zuwa Sakkwato.

Zee Riyad:
Wannan na jajin ya fi yiwuwa gaskiya, don in aka ce wata jaruma ta fito a Nana Asma'u rigimar da za a yi a Facebook sai ta fi shirin tsawo, kuma hukumar tace finafinai ma sai ta duba. Amma jaji ba mai cewa komai. Hadiza Gabon za ta iya ɗaukar irin wannan, tana da nutsuwar.

Hajiya Ummu Faisal (Makka):
Duk na ji ku. Ni dai abin da na lura a shekarun nan, lokacin da aka kawo shirin Turkiyya na Nur da mijinta Muhannad a tashar MBC a 2008 garin nan ba irin abin da ba a yi ba, har Mufti ya yi magana a kai, mata na ta rububi. Amma yau cikinku ba wadda ta ambaci Nur, ko ɗaya. Don in kun tuna ba ita ake kallo ba, yadda mijin ke lallaɓa ta ake kallo, abin da mata da yawa suka rasa a gidajensu kenan. Ita kanta ban iya tuna wata magana tata ba. Firyal kuwa da na tsana har yau ina jin muryarta a kunnena.

Bint Jarwal:
Hajiya a yi wa Nur adalci kaɗan, tana da sana'arta ta zanen kaya kuma ta tsaya a kai har ta kafa nata, ba zaman jiran Muhannad kawai ta yi ba. Amma eh, shi aka fi kallo, wannan kam haka ne. 'Yar Sinnar dan Allah in akwai wata tsohuwa a danginku da ta riƙe labarin tafiyar nan daga bakin kakanni, ki ɗauki muryarta a waya tun tana nan, ni ma zan zauna da kakata ranar Juma'a in tambaye ta yadda uwarta ta ƙetaro teku daga Sawakin ta Sudan.

'Yar Sinnar:
Akwai gwaggon babana, tana Kasala yanzu, in layi ya samu zan sa a ɗauko min ita. Ta kan faɗi sunayen zangon da suka yi ɗaya bayan ɗaya tun daga Barno, da inda aka haifi wane da inda aka rasa wance. In na samu zan turo muku nan.